Rigar Fiyano a Tasha

A tasha, kan bencin masu jiran mota, wani dattijo ya kasa natsuwa. Siriri ne mai furfurar gemu, ga basilla a hannu. Fiyano ce, abin kiɗa mai madannai, kwance a cinyarsa, irin wadda mutum ke harhaɗawa da kansa, ta fi ta kanti tsawo. Riga yake ɗinka mata da tsohon bargo da soson katifa. Ya ja zare, ya leƙa mota, ya yi tsaki.

Bargon ya ƙare, saura kusurwa ɗaya a buɗe. Ina jin tun kafin ya ƙara wa fiyanon tsawo ya auna bargon.

"Baba, miƙo ta a ɗaure a sama, za mu tashi," in ji direba.

"Ɗana, kai ka yarda a ɗora 'yarka a sama babu riga?"

Ko gidan biki za shi, ko rabuwa zai yi da ita, oho. Yana laluben aljihu, babu ko ƙyalle. Sai ya cire hularsa, ya kifa wa kusurwar, ya hau ɗinki. Direba na ta danna hon, rana na dukan sanƙon dattijon, ko ɗagowa bai yi ba.