Ragon Sunan da Ya Raba Ni da Baba

Shekara huɗu na yi ina kula da wani dattijo ɗan Maraɗi a nan Greensboro, ƙasar Amurka. Kamfanin da ke tura masu kula da tsofaffi gidaje ne ya haɗa mu, domin ni kaɗai ne namiji mai jin Hausa a cikin ma'aikatansu. 'Yarsa likita ce, gidanta na unguwar Irving Park, ita ta ɗauko shi daga Nijar bayan ciwon mantuwa ya kama shi. Faransancin da ya iya ya gudu ya bar shi, Turanci kuwa dama bai taɓa shiga kansa ba. Ni nake yi masa wanka, in gyara masa gemu, in riƙe masa buta ya yi alwala. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini "ɗana", don sunana ba ya zama a kansa.

Dokar aikinmu ita ce sai an binciki tarihin mutum, ma'aikaci ne ko mai kamfani, a ga ko ya taɓa aikata laifi kafin a bar shi ya shiga gidan tsoho. Ban taɓa ƙin wannan doka ba. Wa zai so a turo wa ubansa ɓarawo? Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a karanta layi ɗaya a takarda a ce an san mutum.

Ga nawa layin. Tun ina sabon zuwa, muna zaune a wasu gidajen haya kusa da Wendover Avenue, matata ta haifi ɗanmu na fari. Ranar suna na sayo rago a gona, na kawo shi bayan gidanmu, na fuskantar da shi alƙibla, na yi bisimilla na yanka, kamar yadda ubana ya yanka mini. Rashin sani ya fi dare duhu. Ko fiɗa ba mu gama ba sai ga 'yan sanda, wata maƙwabciya ta hango mu ta taga ta kira su. Aka ba ni takardar kotu, wai na zalunci dabba.

Na kai wa wani Alhaji da ya daɗe a ƙasar takardar. Ya ce, "Malam, baƙo ba ya ja da hukuma. Kana shiga ka ce gilti, ka biya fayin, shi ke nan, ka huta." Haka na yi, na amsa laifi na biya tara. Ban nemi lauya ba, ban yi bayani ba, na fito ina murna magana ta mutu. Ashe kwanciya ta yi.

Hajiya mai kamfanin, wadda ta fara ɗaukata aiki, 'yar Kano ce. Ta ga abin a binciken, ta tambaye ni, na faɗa mata, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta sa hannu. Da ta gaji ta sayar da kamfanin, sababbin masu shi suka ce kowa a sake bincikensa. Bayan sati biyu manaja ta kira ni ofis, wata matashiya mai fara'ar da ba ta wuce leɓe. Ta ce da Turanci, "Ba za mu iya barin mai irin wannan tarihi da wanda ba ya iya kare kansa ba."

Raina ya ɓaci, har yau kuma bai huce ba. Na ce mata ragon suna ne, nama ne aka ci, har maƙwabta aka kai wa. Na ce ta buga wa 'yar Baba waya, ta tambayi wanda ke ɗaga dattijon nan idan ya faɗi a banɗaki. Ta ce ta fahimta, amma tsarin kamfani ne. Mutanen da ke tsayawa a layi su sayi naman da wani ya yanka musu a ɓoye, su ne za su kira ni azzalumi! Ta karɓi katin aikina, ko sallama da Baba ba a bar ni na yi ba.

'Yar Baba ta rubuta musu wasiƙa, ba su sauya ba. Aka tura masa wani bawan Allah mai haƙuri, amma ba sa jin juna. Baba ya ƙi wanka, ya ƙi abinci sai da dabara.

Na sami aiki a wani sito, lauya kuma yana ta ƙoƙarin a goge mini layin. Ranar Lahadi nakan je gaida Baba a matsayin baƙo. Zuwana na farko na tarar ya rame, gemunsa ya cukurkuɗe. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ɗana, me na yi maka ka daina zuwa?"

Na durƙusa na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya kyauta. Na miƙe in ɗebo masa ruwa, kafin in dawo ya manta. Ya kama hannun rigata, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Ɗana, in na ɓata maka ne, ka yafe mini."