Kafireta a Kwanon Samira

Duk direban da ya yi aiki tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni a zamanin soja ya san Malam Auwalu mai kafireta. Bencinsa na gindin wata darbejiya, kusa da masu faci. Ba ya taɓa taya, ba ya taɓa birki. Kafireta kawai, ƙarfen nan da ke haɗa fetur da iska kafin su shiga inji. Lokacin ana kwana a layin mai, 'yan bumburutu kuma na sayar da fetur gauraye da kananzir, don haka kusan kowace mota tari take yi.

Ƙa'idarsa ɗaya ce: ba ya wanke kafireta a gaban mai ita. Zai kwance ta, ya naɗe a tsumma, ya ce, "Ka dawo bayan la'asar." Sai ya tafi da ita gida. In ta dawo tana ƙyalli kamar sabuwar tasa, ga ƙamshin lemon tsami. Direbobi suka ce tofi yake mata.

Ba tofi ba ne. Matarsa ce, Uwani. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nata, kuma katangar ba ta da tsayi.

Uwani 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Bunkure. Ba ta yi boko ba, ba ta taɓa riƙe sitiyari ba, Allah kuma bai ba su haihuwa ba. Da ɓarna ta fara sana'ar. Wata rana Malam ya ajiye kafireta a bakin tabarma ya tafi masallaci. Ita kuwa ba ta iya ganin ƙarfe da dauɗa. Ta ɗebo toka da lemon tsami ta goge ta tas, yadda take goge kwanukan ɗakinta. Tokar ta toshe ƙananan ramukan da mai ke bi. Malam ya dawo ya yi faɗa har na jiyo daga madafina. Da ya gaji, ya miƙa mata siririyar waya ya ce, "Tunda ke kika toshe, sai ki buɗe."

Daga baya ta gane dalilin. Yanar ido ce ta fara rufe masa gani, ba ya ganin ramukan.

Shekara tara suna haka. Ya kwanto, ya kawo. Ta warware komai a kan faifai, kowane ƙarfe a gurbinsa, ta jiƙa a fetur, ta bi kowane rami da silin waya guda, ta hura da baki, ta ɗaga wa rana sai ta ga haske ya ratsa. Bayan ta toshe ƙofofin da tsumma, sannan ta goge bayan kafiretar da toka da lemo. Shi kuma ya mayar a mota da laluben hannu. Ban ga laifinsa ba. Kunya ce ta hana shi faɗa wa mutane, ita kuma ba a tambaye ta ba.

Ya rasu a ƙarshen Janairun 1999, ana tsakiyar zaɓe. Ranar sadakar uku ƙaninsa Garba ya ɗauke akwatin kayan aiki, ya gaji bencin. Uwani ta roƙi a bar mata sukudireba ɗaya. Aka ce, "Me mace za ta yi da shi?" Wani gwangwanin madara cike da ƙananan tagulla na cikin kafireta kaɗai suka bari, don sun zaci tarkacen mata ne. Yayanta Sani kuma ya yanke magana: ranar da ta fita takaba zai zo da mota ya mayar da ita ƙauye, tunda babu mai ciyar da ita a birni. Ba ta so. Shekararta ashirin da biyu a ɗakin nan.

Garba kuwa aikinsa a gaban kowa yake yi. Ya tsoma kafireta a bokitin fetur, ya jijjiga, ya tsokale ramukan da ƙusa.

Akwai wani direba, Lawan, mai tsohuwar Fijo da ke kai mu asibiti aiki da safe. An ɗauki motarsa haya don jerin gwanon ranar rantsar da gwamnatin farar hula, saura kwana uku. Sau biyu Garba ya wanke masa kafireta. Muna ciki motar ta mutu a shataletalen Dangi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe.

Lawan ya kifa kai a sitiyari. "Malam Auwalu ya tafi da asirinsa."

Na ce, "Asirin na nan zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa."

"Wa?"

"Uwani. Kai a tunaninka mutumin da ke taka buta a ƙofar masallaci shi ke ganin ramin allura?"

"Haba Hajiya. Mace? In abokan aiki suka ji, ai sai in bar tasha."

"To zauna a nan. Gwamna ya zo ya tura ka."

Da azahar matar Lawan ta shiga gidan Uwani da kwanon samira a rufe, kamar mai kai abincin gaisuwa. Kafireta ce a ciki. Uwani ta kwance ta da wutsiyar cokali. Ta ɗaga wata tagulla ta duba, ta ce, "Wannan ramin an yage shi. Wane mugun ne?" Ta zazzage gwangwanin madara, ta zaɓo wata ta sa. Bayan la'asar kwanon ya fita yana ƙamshin lemo. Ranar Asabar motar Lawan ta yini a jerin gwano, ko tari ba ta yi ba.

Lawan ya rantse bai gaya wa kowa ba. Matarsa ba ta rantse ba.

Ranar fita takaba Sani ya iso da akori-kura. Ya tarar da kwanuka shida jere a inuwa, kowanne a rufe.

"Sadakar arba'in ai ta wuce. Wannan abincin fa?"

Uwani ta buɗe masa ɗaya. Ya duba, ya dube ta. Ta ce, "Yaya, ka sha ruwa ka huta. Masu su na jira bayan la'asar." Motar ta koma ƙauye ba kaya.

Ta ci, ta sha, ta yi sutura da hannunta a ɗakin nan har ƙarshen ranta, ko da yake aikin ya ja baya da sababbin motoci marasa kafireta suka cika gari. Amma ko sau ɗaya ban ji namiji ya ambaci sunanta a bakin titi ba. "A kai gidan marigayi," haka suke cewa.

Cikin kwanuka shidan nan na gane guda, mai tsaga a murfi. Na matar Garba ne. Tun daga makon ya daina wanki a gaban mutane. Sai ya naɗe kafireta a tsumma, ya gyara hula, ya ce, "Ka dawo bayan la'asar."