'Yan Tsanar da Hedimasta Ya Kora

Shekarar da aka yi wa ma'aikata babban ƙarin albashi, ina koyar da 'yan aji ɗaya a wata firamare a Fagge. Arzikin fetur ya shigo gari, masinja ya sayi babur, akawu ya sayi mota, ba wanda ya tsaya ya ƙware a tuƙi. Titin da yaranmu ke tsallakawa, wanda a da sai keke da jaki, ya zama abin tsoro.

Wata rana an fita tara, babur ya buge wata yarinya 'yar ajina, ta je sayen gyaɗa. Allah ya yi da sauran kwana, amma ƙafarta ta karye. Washegari hedimasta ya tara yara, ya yi ta faɗa yana kaɗa bulala. Ana tashi suka kwasa a guje suka faɗa titi kamar kullum.

Mai yi mini ɗinki wata 'yar Ibo ce a bakin kasuwar Sabon Gari, Madam muke ce mata. Ta dawo Kano bayan yaƙin basasa, Hausa a bakinta kamar jakar Kano. Da na ba ta labari, sai ta ce a cocinsu da 'yan tsana suke koya wa yara abu, irin waɗanda ake zura hannu a ciki. Ta tattaro ƙyallaye da maɓallai ta ɗinka mini guda uku: yaro mai ƙaton kai, mai babur da baƙin tabarau, da wata tsohuwa mai faɗa.

A aji na rufa wa tebur zane, na durƙusa a baya da 'yan tsanar a hannu. Yaron nan ya zo zai ruga titi, tsohuwa ta finciko shi ta rigarsa. Kafin in gama, yara da kansu suke yi masa tsawa ya duba hagu, ya duba dama. Ran nan a bakin titi na ga suna riƙe wa juna riga suna dariya, amma dai sun tsaya.

Hedimasta ya kira ni ofis.

"Malama, nan makaranta ce, ba dandalin 'yan dabo ba. Ke 'yar gidan malamai, ki durƙusa bayan tebur kina maƙale murya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, bulala ba ta tsayar da su ba. Wannan ta tsayar."

"Kada in ƙara ganinsu a harabar nan."

"To. Harabar taka ce. Titi kuwa ba naka ba ne."

Na mayar da wasan barandar shagon Madam, duk Asabar da hantsi. Yaran Fagge da na Sabon Gari suka riƙa cika wurin, har 'yan dako daga tashar jirgi sukan tsaya kallo. Madam ta ɗinka mana ƙaton ƙuda mai jajayen idanu, ita take yi masa murya, yana roƙon yara kada su wanke hannu don shi ma ya samu rabonsa.

Hedimasta ya kai ƙarata wajen mahaifina. Baba ya kira ni zaure, ya tambaye ni ko akwai batsa ko zagin wani a wasan. Na ce babu. Sai ya ce, "Ki gyara lulluɓinki, ki ci gaba."

Ƙarshen zango aka yi mini canji zuwa wata makaranta can bayan gari, sai na hau bas biyu kafin in kai. Ranar da na fara aiki na shiga da jakar 'yan tsanata a kafaɗa, na wuce ofis, na nufi aji. Ban nemi izinin kowa ba.