Waƙar da Na Hana Iddi

Bana shekara ashirin da shida ke nan da rasuwar ƙanena, Iddi mai molo. Duk wanda ya ga zamanin kaset a Salaga, Yendi da Bawku ya san muryarsa. Bai taɓa yi wa mai kuɗi waƙar yabo ba. Rijiyoyin Salaga da suka ƙafe yake yi wa waƙa, da ƙabilun da ke cin kasuwa ɗaya suna hararar juna.

Abin da jama'a ba su sani ba shi ne, kowace waƙa sai ta bi ta wurin tuyata. Da safe zai zauna a bencin masu shan koko, ya rera mini sau ɗaya, ya cinye mini ƙosai, ya tafi. Da la'asar ya dawo. In ya tarar tana bakina, wato ta zauna, washegari ya hau lori zuwa Bawku a ɗauke ta a kaset. In na manta ta, ya watsar, ko gardama babu.

Shekarar da 'yata Fusaina ta tafi Kumasi dakon kaya a ka, ya zo da sabuwa. Iyaye mata take tambaya: wa ya sa yarinyar nan a lori? Ni na sa tawa da hannuna.

Da la'asar ya leƙo. "Yaya, waƙa ya zauna?"

"Bai zauna ba. Tsawo ya yi yawa."

"To, shi ke nan."

Ƙarya na yi masa. Tun safe nake rera ta a zuci, har na ƙona ƙosai kasko biyu. Tsoro nake ji kada a sa ta a tasha, mutane su juyo su kalle ni. Shi kuwa ya yarda da kunnena, bai sake tayar da zancen ba har Allah ya karɓi abinsa.

Yau ma 'yan mata na tafiya, sai dai da waya a hannu. Da Iddi na raye, na san ba zai yi dogon surutu ba, molo zai jawo. Kasetocinsa sun cinye, amma jikoki sun kwashe waƙoƙin a waya. Wannan ɗaya ce babu ta ko'ina sai a kaina, ga shi na fara mantuwa.

Ranar Juma'a na kira Fusaina, wadda har yau take fama da ciwon wuyan da dako ya bar mata. Na ce ta kunna wayarta ta ɗauki muryata, na rera waƙar tun daga farko. Iddi, Allah ya jiƙanka. Ta zauna tun ranar da ka rera mini ita.