Ɗan Fari Daga Maijirgi

Har in koma ga Mahaliccina, fuskar wata yarinya 'yar Maijirgi ba za ta fita daga raina ba. Shekarar da damina ta ƙi ce, ga sojoji sun karɓi mulki, an rufe iyaka, wuta kuwa sai ta ga dama. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin yaran da ciwo ya tsananta, a Tasawa. Na'urar iskar numfashi biyu gare mu, yara kuwa har ƙasa.

An kawo mana kwamfutar hannu mai ƙirƙirarriyar basira. Mukan zuba mata nauyin yaro, zafin jikinsa, numfashinsa, da amsoshin uwa, ita kuma ta auna da bayanan yaran da aka taɓa kwantarwa, ta nuna wanda ya fi kusa da halaka. Ja, a ba shi iska nan take. Rawaya, ya jira. Da fari na raina ta, amma gaskiya ta ceci yara.

Yarinyar ta iso a amalanke, ita da surukarta, da jariri, ɗanta na fari. Ta zauna ta juya masa baya kamar ba ita ta haife shi ba. Na tambaye ta ko yana shan nono, ta sunkuyar da kai ta ce, "Da sauƙi." Ko ya yi jijjiga? "Da sauƙi." Surukar ta yi murmushi ta ce, "Likita, kunya gare ta, ɗiyar mutunci ce. Lahiya lau yake sha."

Na zuba abin da aka faɗa mini. Rawaya ta fito, iskar ta tafi ga wasu.

Sai da tsohuwar ta fita sallar la'asar, na ji an ja mini riga. Ashe yarinyar ce, ta ce, "Don Allah ki duba yaron ga. Tun jiya bai kama nono ba. Sau biyu yana sanƙarewa bisa hanya."

Ina zuba wannan, kwamfutar ta koma ja. Muka cire wa wani da ya samu sauƙi iskar muka sa masa, amma mun makara. Kafin magariba ya cika.

Ko hawaye ba ta yi a gaban surukar ba. Can na same ta bayan ɗakin injin wuta, inda ƙara ke rufe murya, tana kuka tana kiran sunansa. Ranar na ji haushin al'adar da ni ma a cikinta na tashi.

Tun daga nan ba na tambayar uwar ɗan fari a gaban kowa, ko da za a ce na yi wa tsohuwa rashin kunya. Na'ura komai basirarta abin da aka gaya mata ta sani, uwa kuwa ba za ta faɗa ba sai an ba ta wurin da za ta iya cewa ɗanta yana mutuwa.