Irin latas ɗin Isiyaku

Shekaruna saba'in da shida a duniya, kuma a wannan watan ƙanena Isiyaku yake cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Allah Ya jiƙansa da rahama. Tare muka baro Zariya zuwa Abuja. Ni na shiga aikin gwamnati na yi ofis, shi kuwa ya kama lambu a bakin ruwan Jabi, yana noman latas. Ba zan ɓoye ba, shekaru da dama ina jin nauyin in ce wa ma'aikatan ofishinmu mai lambun nan ɗan'uwana ne.

Isiyaku yana da wata al'ada da sauran masu lambu suke yi wa dariya. Kowace shekara idan zafi ya kunno kai, sai ya bar fangali guda bai tsinke ba. Latas ɗin ya yi kara ya miƙe har ƙugun mutum, ganyen ya yi ɗaci, idan ka karya shi farin ruwa ya fito kamar madara. Sa'an nan ya fitar da 'yan furanni ruwan ɗorawa, masu buɗewa da hantsi su rufe kafin azahar. Idan suka bushe suka yi gashi fari, sai ya kakkaɓe su cikin ƙwarya. Irinsa ke nan, mai ja-ja a gefen ganye, wanda ya taho da shi daga lambun mahaifinmu. Bai taɓa sayen iri a shago ba.

Yana kwance a asibiti ya miƙo mini gwangwani, ya ce, "Yaya, ka riƙe wannan." Na riƙe kuwa, irin riƙon ma'aikaci. Na naɗe shi a ƙyalle na kulle a akwati tare da takardun ritayata, ina ganin na girmama amana.

Yau inda lambun yake an yi gine-gine da wuraren shaƙatawa. Da zai dawo, ban san ta ina zai gane fangalinsa ba. 'Ya'yana suna ƙasashen waje, uwargidana ta riga ni gidan gaskiya, gidan ya yi mini faɗi. Bara da sanyi na buɗe gwangwanin na yafa irin a wani ɗan fangali bayan ɗakina. Kwana ashirin ina ban ruwa safe da yamma. Ko tsiro ɗaya bai fito ba. Ashe irin latas ba ya jure shekaru a ajiye. Na zauna a bakin fangalin na san cewa abin da mahaifinmu da Isiyaku suka raya, a hannuna ya mutu.

Sai na tuna da Maman Ladi, wata 'yar Filato da take sarar latas a wurinsa. Na neme ta har Orozo. Ta saurare ni, ta yi dariya, ta ce, "Oga, kai ka sa iri a akwati kamar satifiket? Shi Malam Isiyaku ya ba ni nawa, kowane shekara ina shuka." Ta kai ni ɗan lambun da ke bayan gidanta. Ga ganyen nan da jan gefensa. Ta ɗibar mini irin.

Ni da na yi shekara talatin ana miƙe mini tsaye, na durƙusa ta koya mini yafa iri: kada a binne shi da zurfi, yana son haske.

Bana na bar tushe uku ban tsinke ba. Ranar Talatar da ta wuce da hantsi suka yi fure, kafin azahar suka rufe. Babu wani ɗan gidanmu da ya rage a Abuja da zan kira ya gani. Waɗanda suka tsaya tare da ni su biyu ne, Maman Ladi da mijinta Bulus, kuma ita ce ta taho da ƙwaryar kakkaɓar iri.