Baƙin Inna na Bakin Kududdufi

Shekarun baya, a kakar da ta biyo bayan rasuwar mahaifina, ina zaune a buro, wato ofis, a Magaria sai ga kiran mahaifiyata. Wanda ya san gidajenmu ya san dalilin da ya sa gabana ya faɗi. Ni ne ɗan fari. Inna ba ta faɗin sunana, ba ta doguwar magana da ni, in tana da saƙo ta bakin ƙanena yake biyowa. Ranar kuwa ita da kanta ta sa aka latsa mata lambata. Ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ta ce, "Kai, ka zo gida. Ƙanenka ya rufe wa baƙina ƙofa." Ta kashe wayar.

Wallahi raina ya ɓaci. Ƙanena mutumin kirki ne, amma bakinsa ba linzami. Na ɗauka dangin Inna ne suka tsallako daga Najeriya yin ta'aziyya a makare, shi kuma ya nuna musu halin nasa. Na faɗa butik na sayi burodi da sukari da ganyen shayi, har da goro, na ɗaure a bayan moto, wato babur, na kama hanyar garinmu Kwaya. Duk tsawon hanya ina tsara faɗan da zan yi masa, wani wurin har in koma in gyara kalma don ta fi zafi.

Da na isa gida ban ga takalmin baƙo ko ɗaya a ƙofar zaure ba. Na shiga na durƙusa na gaishe ta, na tura kayan gabanta, na tambaya ina baƙin suka sauka. Inna ta dubi burodin, ta dubi goron, sai ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. Tun da ta shiga takaba ban ga dariyarta ba sai ran nan. Da ta natsu ta ɗauki sandarta ta ce in biyo ta garka.

Garkar ta Baba ce, a bayan gari. A tsakiyarta akwai ɗan kududdufi, ramin da ya haƙa tun yana bugun tubali. Ruwan damina yana kwantawa a ciki har cikin sanyi, da shi ake ban ruwan salati da tumatir. Gefe ɗaya Baba ya bar shi da gangare, ya hana a shuka komai a wurin, wai nan ne hanyar baƙi. Baƙin su ne kurciyoyi da kwaɗi da bushiya da wani tsohon kunkuru, da duk mai ran da ƙishirwa ta koro. Na sha jin yana faɗin haka muna yara, amma zaman birni ya goge min kalmar tas.

Abin da na tarar shi ne kududdufin a lulluɓe. Ƙanena ya tattaro tsofaffin sange, gidajen sauron da muka daina kwana a ciki, ya ɗinke su wuri guda ya shimfiɗa a kan ruwan, ya kafe bakin da turaku har ƙasa ta ko'ina. Ko ƙadangare ba zai sami wurin sa baki ba. A gindin dogon yaro kuma ga ƙwarya a rufe da faifai. Inna ta buɗe, sai ga bushiya a dunƙule, zaren sange duk ya sarƙe a ƙayoyinta. Da safe ta same ta a maƙale, ta zo shan ruwa ta kasa gaba ta kasa baya, sai da Inna ta sa wuƙa ta yanko ta.

Na juya kan ƙanena, wanda ya biyo mu garkar, da faɗan da na haddace. Bai bari na kai ko'ina ba. Ya tambaye ni ko na san cewa da zarar kaka ta kama, dogon yaro da kukar da ke kan ramin suke zubar da ganye, ruwan ya ruɓe ya yi ɗaci. Ko na san Inna ce ke tsayawa a bakin ramin kullum da rariya ɗaure a sanda tana tsame ganyen? Ko na san makon da ya wuce santsi ya kwashe ta, ruwa har ƙirji, wani makiyayi da ke wucewa ne ya jawo ta? Ban sani ba, sun ɓoye min. Ya ce shi fa ya gama magana, ko sangen ya zauna yadda yake, ko ya kawo amalanke ya cike ramin da ƙasa. Sai ya ce, "Yaya, ni na sa Baba a kabari. Ba zan tsamo Inna daga ruwa ba."

Faɗana ya bi iska.

Inna ba ta dube ni ba, shi ta fuskanta, amma na san da ni take. Ta ce, "Babanku yanzu ba ya iya miƙa wa kowa komai. Ruwan nan kaɗai ya rage masa yana bayarwa. In kuka rufe, me zai dinga isa gare shi?"

Nan na gane ba bushiya ce ta sa ta kira ɗan farinta ba. Tausayinta ya kama ni, na ƙanena ma ya kama ni, don kowannensu yana da gaskiya.

Yinin ranar a garka muka yi shi, muna aiki muna gardama. Na ce a ɗaga sangen sama kamar rumfa, ganye ya sauka a kansa, ƙasa kuma a buɗe. Ƙanena ya ce dabarar 'yan buro ce, iska za ta kwashe, amma shi ne ya fara sarar itace. Muka kafa dirkoki, muka ja sangen ya miƙe sosai, don inda ya yi sako-sako nan yake kama ƙafa. Wajen gangaren muka bar shi a buɗe, mutum zai iya durƙusawa ya leƙa. Shi ya jingina wani reshe daga cikin ruwa zuwa tudu, wai ko wani baƙon ya faɗa ya sami abin hawa, yana faɗa yana hararata kada in yi dariya. Inna ta yayyaga wani tsohon zaninta ja, ta ɗaura tsummokin a jikin sangen don tsuntsaye su hango shi kada su afka. Sharaɗin ƙanena ɗaya ne, rariyar nan ta koma ɗakin girki, kakkaɓe ganye kuma aikinsa ne. Inna ta ce ta ji.

Kafin la'asar muka zare wa bushiyar sauran zaren, ni ina riƙe da ita a tsumma tana sukata, muka sake ta a gindin shinge. Ko waiwaye ba ta yi ba.

Washegari da safe muka koma. A taɓon gangaren ga sawu nan birjik, manya da ƙanana, kurciyoyi kuma suna shiga ƙarƙashin rumfar suna fita. Inna ta kwance bakin zaninta, sai ga burodina. Ta marmasa shi ta watsa a gefe. Na ce, Inna, burodin da na sayo? Ta ce da ƙanena, "Ka gaya masa ai don baƙi ya sayo."

Har yau in na tuna ina dariya. Na koyi cewa mutum biyu suna iya yin faɗa alhali ƙauna ce ke cin kowannensu. Inna yanzu ƙafa ta hana ta zuwa garka, sai dai a ba ta labari. Amma duk shekara, da an gama yankan gero, waya takan shigo daga Kwaya. Mutumin nan da ya rantse zai cike ramin ne yake cewa, "Yaya, ganye ya fara zuba. Ka taho da tsohon sange, baƙin Baba suna hanya."